Madogara ta Arba'in da Ɗaya

Mijina malamin tarihi ne, amma ba tarihin da mutane ke gyara zama su saurara ba. Babu fagen fama a nasa, babu jarumi. Nasa na wasiƙu ne: me jakadan wannan ƙasa ya rubuta wa ministan waccan, ran nawa ga wata, wa ya karɓa, wa ya yi kamar bai gani ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da wannan a jami'a ɗaya, a ofis ɗaya can ƙarshen baranda, mai fankar da ke juyawa in ta ga dama. Ni kuma malamar firamare ce, na daɗe da yin ritaya, kuma duk abin da ya taɓa wallafawa da yatsuna aka buga shi. Don haka in na ce na san aikinsa, ba cika baki nake yi ba.

Ɗalibansa Malam Madogara suke ce masa a bayan idonsa. Duk abin da ka faɗa a ajinsa, ko da cewa ka yi jiya an yi ruwa, sai ya sauke tabarau zuwa kan hanci ya ce, "Ina madogararka?" Mu ma a gida ba mu tsira ba. Na taɓa ce masa maƙwabtanmu za su tashi, ya tambaye ni madogara, na ce ga ta can ana loda ta a mota. Yaranmu uku sun tashi ba su iya ƙarya ba, ba don tsoron Allah kaɗai ba, wahalar yin ta a gidanmu ce ta yi yawa.

Abin da ya yi masa suna babi ɗaya ne tak, babi na shida na littafinsa na farko. Lokacin muna yara, ƙasarmu da maƙwabciyarta sun yi rigima a kan wani tsibiri da ke tsakiyar kogin da ya raba su. Ana ta zaman sulhu, sai kawai aka wayi gari sun rufe iyaka, sun ba jakadanmu da ma'aikatansa kwana biyu su tattara su fita. Shekara biyu iyakar nan tana rufe. Kayan 'yan kasuwa suka ruɓe a bakin gada, masu 'yan'uwa a tsallake suka rasa hanyar zuwa ko da ta'aziyya. Babu wanda ya san takamaiman abin da ya watsa zaman, kowace gwamnati ta ja bakinta ta yi shiru.

Muna da wata takwas da aure, yana neman digirin digirgir, aka buɗe wa masu bincike akwatunan ofishin jakadancin nan a gidan adana takardun gwamnati. Kullum da safe zai tafi da fensir uku, ya dawo hannun rigarsa baƙi ƙirin. A akwati na sha tara ya ci karo da ita. Wasiƙa ce shafi ɗaya da rabi, daga jakadanmu zuwa ga ministan harkokin wajensu, da sa hannunsa raɗam, kwana uku kafin rufe iyaka. Jakadu ba sa zagi a rubuce, amma wannan saura ƙiris ta kira mutumin ɓarawo. Ranar nan mijina ya shigo gida yana dariya shi kaɗai, har na ɗan tsorata.

Ni na buga littafin a tsohuwar tafireta, sau huɗu, don malaminsa ba ya gajiya da gyara. Ƙa'idar aikinsu ita ce, duk wasiƙar da aka ambata sai an sa madogararta a ƙasan shafi: lambar akwati, lambar fayil, da lambar fita. Lambar fitar nan akawun ofishin ne ke rubuta ta da jan biro a saman kwafi ranar da masinja ya fita da wasiƙa, sannan ya shigar da ita a rajista. Na buga arba'in, kowace da lambarta. Da na zo ta arba'in da ɗaya sai na ga babu.

"Malam, wannan fa ba ta da lambar fita."

"Akawun ne ya manta," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba. "Kwanakin rikici ne, hankalin kowa a tashe."

"To a duba rajistar mana."

"Rajista tana cikin takardun sirri, sai ta cika shekara hamsin za a buɗe ta. Bar gurbi, in na samu sai a cike."

Na bar gurbin harafi shida na wuce. Ina da tsohon ciki lokacin, bayana kamar zai ɓalle, ni dai so nake na gama na miƙe ƙafa. Haka gurbin nan ya shiga ɗab'i, haka aka sake buga littafin har sau uku, babu wanda ya lura.

Littafi na fita jaridu suka yi caa a kai. Suka laƙaba wa mutumin suna, jakadan da ya rufe iyaka. Yana gab da ritaya a lokacin, ana maganar ba shi wani babban muƙami, sai maganar ta bi ruwa. Kafin shekara uku babi na shida ya shiga littafin 'yan sakandare, a taƙaice cikin layi biyar.

Wata Asabar da hantsi sai ga wata tsohuwar mota a ƙofar gidanmu. Dogon mutum ne mai furfura, takalminsa na sheƙi. Ya faɗi ko wane ne shi, ya zauna a gefen kujera kamar wanda ya zo neman aiki. Na kawo masa ruwa, na koma bakin ƙofar kicin na tsaya, don ni ba na barin labari ya wuce ni.

"Dakta, ni na rubuta ta, ba na musu," in ji Jakada. "An wulaƙanta ni a zaman ranar. Na koma ofis raina a ɓace, na yi wa sakatare shifta, na sa hannu. Da na huce sai na jefa ta a aljihun tebur. Ban aika ba. Da aka kore mu aka kwashe komai aka zuba a akwati, har da ita."

Mijina bai kai arba'in ba a lokacin, sunansa na tashe, kansa ya ɗan kumbura. Ya sauke tabarau zuwa kan hanci. Wallahi na so na jefe shi da faranti.

"Ranka ya daɗe, ina madogara?"

"Ai ni ne madogarar, ɗana."

"Ranka ya daɗe, a aikinmu ba a karɓar shaidar mutum a kan kansa."

Dattijon ya shanye ruwan tas, ya ajiye kofin a hankali, ya juyo ya yi mini godiya, ya fita. Na ce wa mijina ya yi wa babban mutum rashin kunya. Ya ce ba shi ya yi magana ba, takarda ce ta yi. Ni ma ban ja ba, don a makon ne aka yi masa ƙarin girma, aka ba mu gida mai ɗaki uku a unguwar malamai, hankalina duk yana kan labule.

Sauran shekarun babu abin faɗa sosai, gajiya ce kawai a jere. Ajin da ya fara da mutum talatin ya koma ɗari uku, na baya ba sa jin abin da yake cewa, na gaba kuma tambayarsu ɗaya, wane ne zai fito a jarabawa. A yi yajin aiki, a dawo, a sake tafiya. Littafinsa na biyu ya ci shekara sha ɗaya, kuma ina jin ni da mai gyaran ɗab'i ne kaɗai muka karanta shi har ƙarshe. Ɗaliban da ya koya wa yadda ake karanta yarjejeniya suka zama daraktoci, suna wuce shi a motocinsu yana tsaye yana jiran bas, wasu su ɗaga hannu, wasu su duƙufa a waya. Fayil ɗinsa na zama farfesa ya ɓace sau biyu. Da aka gano shi sai aka ce an canza ƙa'ida, a sake cike takardu. Babban ɗanmu ya taɓa ce masa, "Baba, wai wa ke karanta abubuwan nan?" Ya ce, "Uwarka."

Bai ƙara ambaton Jakada ba. Amma sau tara ya rubuta wa gidan adana takardun waccan ƙasar, yana neman a duba masa ko wasiƙar ta isa hannunsu. Sau biyu suka amsa. Na farko suka ce ana dubawa, na biyu suka ce ambaliya ta ci takardun shekarar. Ni na buga duk taran, don haka na san maganar ba ta kwanta masa ba.

Saura wata sha huɗu ya yi ritaya aka ce fayil ya fita, an tura wa masu tantancewa uku na waje. Na yi ta murna, har na fara gwada kiran kaina matar Farfesa in ina shara. A cikin watan ne kuma rajistar nan ta cika shekara hamsin. Ya tafi ranar Talata da safe da fensirinsa. Da la'asar ya dawo, ya zauna a falo ko takalmi bai cire ba, ya ajiye mini kwafin shafi ɗaya a cinya.

"Karanta," ya ce.

Rubutun akawu ne mai kyau, a jere tsaf. Lamba ɗari biyu da sha ɗaya, ranar Litinin, takardar neman izinin shigo da tayar mota. Lamba ɗari biyu da sha biyu, ranar Juma'a, sanarwar tashinsu. Wasiƙar tamu ta ranar Talata ce.

"Babu tsallake, babu kankarewa," ya ce. "Akawun bai manta komai ba. Jakada bai aika ba, Maman yara."

"Yana raye kuwa?"

"Yana nan. Casa'in da ɗaya. A wurin 'yarsa yake."

Kashegari ya gaya wa shugaban sashensu, wanda tsohon ɗalibinsa ne. Da yamma sai ga shugaban a gidanmu yana ta share gumi. Matsalar ita ce, gyara irin wannan a mujallar ƙungiyar masana tarihi ake buga shi, ita kuma sau ɗaya take fita a shekara, ƙarshen watan za a rufe karɓar rubutu. Editanta kuwa yana cikin ukun da ke riƙe da fayil ɗin mijina.

"Malam, don Allah ka ji tausayin kanka," in ji shugaban. "Rabin makinka a kan littafin nan yake. Ka bari su gama, wata shida ne. Baɗi sai ka buga gyaranka kana Farfesa, zai ma fi nauyi. Babu wanda ya ga rajistar nan sai kai, kuma ka san babu mai zuwa."

Mijina ya ce ya ji, ya raka shi mota. Ba zan ɓoye ba, ni ina bayan shugaban sashe, da ƙarfina kuwa. Yana dawowa na tare shi.

"Sama da shekara talatin muna jiran abin nan. Na buga, na sake bugawa, idona ya mutu a kan madogararka. Mutumin da ya jira shekara talatin, ɗaya ce za ta gagare shi?"

"Casa'in da ɗaya fa na ce miki."

"To ka shiga mota gobe ka je ka gaya masa da baki. Ka ba shi haƙuri, ka durƙusa ma in ka ga dama. Wa ya hana ka?"

Ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Sannan ya ce, "Ai shi ma da baki ya zo ya gaya mini. Kina tsaye a ƙofar kicin. Me na ce masa?"

Na tuna abin da ya ce masa sarai.

"A rubuce na ɓata shi," ya ce. "Ba zan je masa hannu sake ba."

Na ce to ya nemi mai buga masa, ni na yi ritaya. Kwana tara ban taɓa masa komai ba. Ya ɗauko kwamfutar autarmu, ya zauna a teburin cin abinci yana farautar haruffa da yatsa biyu, ɗaya yanzu, ɗaya sai an jima. Sau biyu yana goge duk abin da ya rubuta bai san yadda aka yi ba. Ran na goma na gaji da jin ƙarar, na ce ya matsa. Haushinsa nake ji har cikin raina, amma gurbin nan da hannuna na bar shi, kuma na san haka.

Shafi bakwai ne. Ya kawo wasiƙar, ya kawo rajistar, ya faɗi ranar da Jakada ya zo gidanmu da abin da ya ce da amsar da aka ba shi. Na ce ya cire wannan wurin, ba dole ba ne. Ya ce shi ne ma dolen. A ƙarshe ya rubuta cewa, game da abin da ya sa aka rufe iyaka, bai sani ba. Na tsaya na kalle shi. Aikin shekara talatin da huɗu, a rufe shi da ban sani ba. Ya ce in buga kawai.

Babu wanda ya zage shi, in gaya muku gaskiya. Da ma zagin aka yi da ya fi sauƙi. Kwamiti ya aiko da takarda mai layi huɗu yana yaba masa da riƙon amanar ilimi. A layi na ƙarshe aka ce, ganin halin da ake ciki, za a sake auna ayyukansa ba tare da littafin farko ba, za kuma a nemo sababbin masu tantancewa. Ana kan nemansu har ranar ritayarsa ta zo. Aka taru a ɗakin taro na sashe, aka sha lemo, aka ba shi agogon bango. Dakta ya shiga jami'ar, Dakta ya fita.

Mujallar ma sai da ta makara wata biyar. A watannin nan kullum sai ya sayi jarida, ya fara da shafin sanarwar rasuwa, ya bi da yatsa har ƙasa, sannan ya iya shan shayi. Da ta fito, kwafi ɗari biyu aka buga. Ya karɓo nasa biyu, ya ce in shirya mu tafi.

'Yar Jakada ce ta buɗe mana, mace mai kamar shekara sittin. Da ta ji sunan mijina fuskarta ta canza.

"Kai ne mai littafin," ta ce. "Ɗana ya rubuta sunan kakansa a jarabawar sakandare. Ya ci makin kuwa."

Ta dai bar mu muka shiga. Jakada yana zaune kusa da taga, an rufa masa bargo a gwiwa, ya ƙanƙance kamar ba dogon nan ba. Idonsa ya tafi, amma kunne da hankali suna nan garau. Mijina ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya buɗe mujallar ya fara karantawa. Da ya zo wurin lambobin nan biyu, tsohon ya ɗaga hannu.

"Sake karanta wurin nan."

Ya sake.

"Akawun nan," in ji Jakada, yana ɗan murmushi. "Ko allura ce ta fita daga ofishin sai ya ba ta lamba. Allah ya ji ƙansa." Ya nemi mujallar, ya shafa shafin da tafin hannu. "To, Dakta. Ka sami madogara."

"Na samu, ranka ya daɗe. Ka yafe mini."

"Me ya ci maka?"

Mijina ya ce babu komai. Ni na ce, "Farfesancinsa, Baba." Ba na iya yin shiru, halina ne.

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. "Ke ce kika kawo mini ruwa rannan."

"Ni ce, Baba. Ni ce kuma na buga babin. Na ga babu lamba, na wuce."

Ya gyaɗa kai kawai. Can ya ce, "Na yafe muku, tun tuni ma, don riƙo yana son ƙarfi, ni kuwa ba ni da shi. Amma ka ga, ɗana, ni na san ban aika ba. Ba ni ke bukatar takardar nan ba." Ya numfasa. "Matata mai karatu ce. Ta karanta littafinka tun daga bango har bango. Ta tambaye ni sau ɗaya, na ce ban aika ba, ta ce to. Ba ta sake tayar da maganar ba. Amma da, in baƙi suka zo, ita ke ba da labarin zamanmu a can, gidan, kogin, duk. Daga ranar ba ta ƙara ba, sai dai ta tashi ta shiga ciki. Ta san zuciyata, ta san zan iya. Shekara tara ke nan da rasuwarta." Ya miƙa wa 'yarsa mujallar. "Ajiye mini a ɗakinta."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, don ni duk fushina a kan wata shida ne da kalma ɗaya a gaban sunan mijina.

Muna isa gida ya wuce wurin littattafansa, ya zaro kwafinmu na bugun farko, wanda bangonsa ya yage. Ya buɗe babi na shida, ya nemo madogara ta arba'in da ɗaya, ya ciro jan bironsa na gyaran jarabawa. Biron ya ƙi tsaya masa a layi. Ya yi ta gwadawa, sannan ya miƙo mini.

Gurbin harafi shida na bari, abin da za a rubuta ya fi haka. Na matse rubutuna yadda zan iya, na sa "ba a aika ba", har ya ɗan hau kan lambar shafi.